Makon da Tumaki Ke Saukowa

Tun da mahaifinta Oddur ya ce a shigo da taswirar tafiyarsu ya gani da idonsa, Brynja ta san ruwa ba ya tsami banza. Oddur ba mai tambayar inda mutum za shi ba ne. Shekara biyu ke nan tana soyayya da Sindri, tsohon bai taɓa ce masa ko "yaya hanya" ba.

Sindri kuwa murna ya yi. Ya fita da sauri zuwa inda ya ajiye motar a gefen rumbun ciyawa, ita kuma ta bi shi da kallo ta tagar kicin. Tsohuwar motar ɗaukar kaya ce ya saya a Akureyri, garin da yake aikin kafinta, ya kwashe hunturu guda yana mayar da ita ɗaki. Ya sa mata gado da murhun gas da 'yar kantar kwanuka, har da labulen da ya ɗinka da hannunsa, ɗinkin duk ya karkace. Burinsa ɗaya ne: su zagaye Iceland a cikinta, su biyu, mako guda, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi.

"Ki zauna mana," in ji Rannveig, mahaifiyarta, tana zuba kofi. "Kin tsaya a taga kamar mai jiran jirgi."

Brynja ta zauna. A kan teburin akwai busasshen kifi da man shanu. Oddur na zaune ya miƙe ƙafarsa ta dama a kan wata kujera, an naɗe ta da filasta tun daga gwiwa, don ya faɗo daga tarakta lokacin yankan ciyawa. Kusa da shi kuma Ketill ne, ɗan gonar da ke maƙwabtaka da su, wanda tun ranar da ƙafar ta karye bai fasa zuwa dubiya ba. Kowa a kwarin ya san ba ƙafar kaɗai yake zuwa dubawa ba. Gonarsu da ta Oddur shinge ɗaya ya raba su, Brynja kuma ita kaɗai iyayenta suka haifa.

Sindri ya dawo ya shimfiɗa taswirar, ya danne gefe ɗaya da kwanon sukari.

"Gabas za mu fara yi," ya ce, fuskarsa sai haske take. "Kwanan farko a bakin tafkin Mývatn, mu yi wanka a ruwan zafi. Daga nan mu bi bakin teku har garin Höfn. Idan iska ta yi ƙarfi a kudu ba za mu yi gardama da ita ba, mu tsaya mu juya mata ƙeyar mota mu jira. Na bar kwana ɗaya babu komai a cikinsa, don iska kawai."

"Bayan gida fa?" Ketill ya tambaya yana yagar kifi. "Ko shi ma ka ɗinka?"

"Akwai shi a ciki, har da ƙofa. Na san ku nan kun fi sabawa da bayan dutse."

Rannveig ta kusa yin dariya, ta haɗiye ta. Brynja ta ji alfahari ya cika mata ƙirji, tsoro kuma ya biyo bayansa, don ta san tambayar da ta rage.

Oddur ya daɗe yana kallon jan layin da aka zana a kan taswirar.

"Ka yi shiri," ya ce. "Ba a fafa gora ranar tafiya. Yaushe za ku tashi?"

"Asabar ta biyu a Satumba. Lokacin baƙi sun ragu, wuraren kwana duk sarari."

Cokalin Rannveig ya tsaya a cikin kofi.

Ketill ya ajiye kifinsa a hankali, ya dubi Oddur, ya dubi Sindri, sannan ya saki dariyar da ta fi zagi ciwo.

"Asabar ta biyu! Kai, ɗan birni, Allah ya bar mu da kai."

"Me na faɗa?" in ji Sindri.

Oddur bai ɗaga murya ba. Bai taɓa buƙatar ɗaga ta ba.

"Tumakin da ka gani a cikin miya, ka taɓa tambayar inda suke kwana? Tun farkon bazara suna kan tsauni suna kiwon kansu. Ranar da ka zaɓa ita ce ranar da kwarin nan kaf yake hawa ya koro su. Mako guda ake yi a can. Kowace gona tana ba da mutane daidai yawan dabbobinta, gidan nan mutum biyu ake binsa. Tun zamanin kakana ba a taɓa kiran sunan gonar nan aka ji shiru ba." Ya buga filastar da yatsa. "Ɗaya ga shi nan a kwance. Ɗayar kuma ka zo ka ce za ka kai ta wanka."

Kunnuwan Sindri suka yi ja.

"Ban sani ba, Oddur."

"Na san ba ka sani ba. Abin da nake ta faɗa mata ke nan."

"Kada ka damu, Oddur," Ketill ya ce, ya gyara zama. "Gidanmu akwai maza isassu. Ni zan hau da sunanka bana. Ni da Brynja mun san tsaunin nan tun muna yara, ko ba haka ba?"

"Ka ji ɗan halak," in ji Rannveig. "Ka ji wanda ya san ciwon gida."

Sindri bai ko dubi Ketill ba. Brynja ya zuba wa ido. Ba fushi a idonsa, tambaya ce kawai, ita kuma ta fi fushin wuyar ɗauka. Yarinyar da ta tashi a gonar tumaki ba za ta manta da Asabar ta biyu a Satumba ba, kamar yadda ba za ta manta da sunanta ba.

Ta sunkuyar da kai.

Ya naɗe taswirar a nutse, ya mayar da kwanon sukari inda yake.

"Na gode da kofi, Rannveig."

Ya fita. Bai buga ƙofa ba.

"Ki bar shi ya tafi," mahaifiyarta ta ce da ta ga ta miƙe. "Brynja tawa, ba mugu ba ne, ban ce mugu ne ba. Amma gida mai taya gida ne? Yau yana nan, gobe yana can. Mu kuma in ƙarfinmu ya ƙare, wa zai riƙe wannan wurin? Baƙi za a sayar wa su kafa masaukin 'yan yawon buɗe ido a kan kabarin kakanki?"

"Mama, kakana a maƙabartar coci yake."

"Kin san abin da nake nufi!"

Brynja ta ɗauki rigar sanyinta ta fita.

Akwai ƙaryar da ba a buɗe baki a yi ta. Mutum ya ga ɗan'uwansa ya nufi rami, ya yi shiru, don a hayin ramin akwai abin da yake so. In an tuhume shi sai ya ce ai ban ce komai ba. Gaskiya ne, bai ce ba. Brynja ta daɗe tana jingina da wannan gaskiyar, yau kuma tsakanin ƙofar kicin da motar ta ji ta karye a ƙarƙashinta.

Ta same shi zaune a bakin gadon, taswirar a kan cinyarsa. Motar na ƙamshin sabon katako. Iska na ɗan girgiza ta.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce.

"Tun ranar da ka ɗora yatsa a kan kalanda."

"Lokacin ƙafar mahaifinki lafiya lau take."

"Eh. Na ce a raina zai sami wani ya tsaya min, shekara ɗaya ce." Ta zauna a kan akwatin da ya yi wa tukunyar gas. "Tun ina 'yar sha huɗu nake hawa, Sindri. Ban taɓa ganin yadda Satumba take a wani wuri ba. Kai ka zo da idonka na ɗan birni ka zaɓi makon da babu mai zaɓa, sai na ji kamar an buɗe min taga."

"Da ya karye fa?"

Nan ne hawayen suka zo. Ta tsane su, ta goge da bayan hannu da ƙarfi, suka sake zubowa.

"Da ya karye na san abin da zai biyo baya. Za a haɗa ni da Ketill mako guda, shi da sunan Baba a wuyansa. Mu sauko tare a bayan garke, kwarin duk ya tsaya a bakin shinge yana kallo, tsofaffi suna gyaɗa kai. Daga nan ba sai an tambaye ni ba. Kullum za a ce, wa ya tsaya mana ranar da muka rasa? Ba ka san yadda alheri yake ɗaure mutum a nan ba. Ya fi igiya."

"Sai kika ga gara a ce ni na ɗauke ki."

"Ban ce haka ba."

"Ba ki ce komai ba. Abin ke nan." Ya juyo ya dube ta. "Da kin ce min, Sindri, zo mu gudu, da na tayar da mota. Na rantse da na tayar. Amma da na san gudu nake yi, in ɗauki nauyinsa da sanina. Sai kika bar ni na shiga gidan mutum mai karyayyar ƙafa ina yi masa bayanin ruwan da zan yi wanka."

"Kada ka yi min wa'azi. Na ƙoshi da shi a ciki."

"Ba wa'azi ba ne. Kunya ce nake nuna miki, ki ga girmanta."

Ta dube shi da jajayen idanu. Ta so ta ce masa shi ma da ya damu da ya tambaya, shekara biyu yana zuwa gonar tumaki bai taɓa tambayar yaushe suke saukowa ba. Maganar ta zo har bakinta. Gaskiya ce kuma. Amma ta ga in ta jefa ta, za ta rage wa kanta laifi ne kawai, ba za ta rage masa ciwo ba.

"Na cuce ka," ta ce. "Ka yafe min ko kada ka yafe, amma na faɗa."

A waje kare na haushin wani abu can wajen rafi.

"Ba zan tafi da ke ranar nan ba," ya ce.

"To ka bar ni ke nan."

"Haba, Brynja. Mu ɗaga zuwa wani makon."

Ta yi dariya cikin kuka.

"Bayan tsauni sai rabon tumaki. Bayan rabo sai yanka. Bayan yanka sai dusar ƙanƙara. Babu wani makon, Sindri. A gidan nan ba a taɓa samun wani makon ba."

Ya buɗe taswirar, ya daɗe yana kallon layin da ya ja ya zagaye ƙasar, layin da ya yi ta gogewa yana sakewa duk tsawon hunturu. Sannan ya kai yatsa tsakiya, inda babu hanya babu gari.

"Mutum na biyun da ake bin gidanku, dole sai ya iya doki?"

"Akwai masu bi a ƙasa. Inda doki ba ya shiga."

"To ina da ƙafa biyu. Na fi mahaifinki da ɗaya."

"A'a." Ta miƙe tsaye har kanta ya bugi rufin motar. "Ba za ka hau don ka sayi Baba ba. Ba za ku mayar da ni tunkiya ba, a kamo ni a duba alamar kunnena a ce ta wane ce. Abin da nake gudu ke nan a wajen Ketill, ba zan karɓe shi daga wajenka ba don kawai kai nake so."

"Ba don shi ba ne. Bai so ni ba jiya, in na sauko ma ba lallai ya so ni ba." Ya kamo hannunta. "Na yi wa kaina alkawarin mako guda da ke. Ban ce dole sai a kan kwalta ba."

"Ba ka san abin da kake cewa ba. Ruwan sama ne daga gefe. Takalmi ba ya bushewa. Ka kwana a bukka da mutum ashirin masu munshari, ka tashi ka bi tunkiyar da ta fi ka wayo."

"Wannan karon kin faɗa min tun da wuri. An samu ci gaba."

Ta kai masa duka a kafaɗa, sannan ta kifa kanta a wurin da ta daka, ta yi kukan da ya rage.

"Amma ke za ki faɗa musu," ya ce a saman gashinta. "Kuma ki fara daga farko."

Da suka koma kicin, Ketill ya riga ya ƙara matsa kujerarsa kusa da Oddur, suna maganar dokin da ya kamata a sa wa takalmi. Brynja ba ta zauna ba.

"Baba, dariyar da aka yi ɗazu, ni ya kamata a yi wa. Shi bai san ranar ba. Ni na sani tun bazara, na yi shiru, don ina so in tafi. Da ka karye ma ban fasa shirun ba."

Rannveig ta dafe ƙirji. Oddur bai motsa ba, amma wani abu ya wuce ta fuskarsa da Brynja ba ta taɓa gani ba, ta gwammace da ya zage ta.

"Zan hau," ta ci gaba. "Ba za a kira sunan gidan nan a ji shiru ba. Ketill, na gode da tayinka, amma na biyuna Sindri ne. Zai bi a ƙasa."

"Shi?" in ji Ketill. "Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Rana ɗaya za a yi a bar neman tumaki a koma nemansa."

"Mai yiwuwa," in ji Sindri. "In ka same ni, ka kora ni gida tare da su."

Ketill bai yi dariya ba. Ya dubi Brynja, ya yi ƙasa da murya.

"Kina zaton ciniki na zo yi? Ko da kin auri wannan gobe, ba zan bar tumakin Oddur a tsauni ba."

"Na sani," ta ce. Ta kuwa sani, shi ya sa abin ya fi mata nauyi. Son maso wani ƙoshin wahala ne, amma ba laifi ba ne, ita ma ba ta da hanyar da za ta ƙi shi ba tare da ta ƙuntata wa mutumin kirki ba.

"Oddur, ka yi magana mana!" in ji Rannveig. "Za ka bar yaron da bai san gaban tunkiya da bayanta ba ya hau da sunanka?"

Oddur ya dubi Sindri tun daga kai har takalmi, kamar yadda yake duba rago kafin ya yanke shawarar barinsa ko yanka shi. Sindri ya tsaya ya bari a dube shi.

"Miƙo min waya," tsohon ya ce.

Ya kira Hallur, sarkin tsauni na bana, wanda ke raba wa kowa inda zai bi. Ba su yi doguwar gaisuwa ba.

"Gidana mutum biyu. Brynja a kan doki, inda ta saba. Na biyu sunansa Sindri, a ƙasa." Ya saurara. "A'a, ba ka san shi ba. Ka sa shi Kwazazzabon Hankaka."

Ko daga inda take tsaye Brynja ta jiyo Hallur yana sake tambayar sunan wurin.

"Na ce ka sa shi," in ji Oddur, ya kashe wayar.

Rannveig ta zauna a hankali. Ketill ya ɗauki hularsa, ya juya ta a hannu, ya kasa sa ta.

Kwazazzabon Hankaka wurin Oddur ne. Shekara talatin shi ke binsa shi kaɗai a ƙasa, tsakanin duwatsu masu santsi, inda hazo ke sauka babu sallama har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. Nan tumaki masu taurin kai suke ɓuya. Sau biyu Ketill yana roƙon a bar masa wurin, Oddur ya ce bai kai ba. Brynja kanta bai taɓa barinta ta leƙa ba.

Ta zuba wa mahaifinta ido tana neman amsa a fuskarsa. Girma ne ya ba saurayinta, wanda bai ba kowa ba a kwarin nan? Ko kuwa ya zaɓar masa wurin da zai karya shi a gaban jama'a, ya huta? Ta san mutumin nan tun ranar da ta buɗe ido, amma ta kasa karanta shi. Ta yi zargin shi kansa bai gama rabewa ba.

Sindri kaɗai ne a ɗakin bai san abin da aka ba shi ba. Ya tsaya ƙyam, kafaɗa a miƙe, taswirarsa a hammata.

"Na gode, Oddur," ya ce. "Wurin yana da kyau?"

Tsohon ya jawo kofinsa, ya kurɓa, ko da yake ya huce tuntuni.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa samun sukunin ɗaga kai in duba ba."